Asibitin da anka tsaya anka saurare ni kan ciwon mafitsara

'Yan uwa mata masu fama da ciwon mara da yawan fitsari, waɗanda kullum ake ce ma sanyi ne, ga abin da na gani a wani asibitin kuɗi nan Birnin Kebbi wajen likitan mafitsara.

Ciwon kun san shi, mafitsara na cika mara ta ɗau zafi, kin yi fitsari ya ɗan lafa, jim kaɗan ya dawo, dare kuwa ba barci sai zaryar bayi, kemis ya ba ki cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki shanye ki koma ya canza miki wani, gwajin fitsari kuma ya fito ba ƙwayar cuta ko ɗaya. Likitan ya ce min Hajiya in abu ya wuce sati 6 haka kuma ba ƙwayar cuta, to ba maganar sanyi ake ba, ciwon mafitsara ne mai zaman kanshi. Sai da sunka duba tsargiya tukun, don ya ce mu mutanen bakin ruwa irin su Yauri da Argungu ba a tsallake wanga gwaji.

Abin da ya sa nake yaba musu shi ne ba su yi min ɗauki-ɗora ba. Takarda ya ba ni in rubuta kwana 3, sau nawa na yi fitsari, yawanshi, me na ci me na sha, daga nan ya yi bayani cewa masu ciwon ba iri ɗaya ba ne, kuma irin naki shi ka nuna maganin da zai karɓe ki. Wadda anka leƙa da kyamara anka ga gyambo a bangon mafitsara, wanda suke kira gyambon Hunner, ita ƙona wurin ko allura a wurin ke mata aiki sosai, amma irin su kaɗan ne. Wadda naman ƙasan ƙugunta ya ɗaure yana zafi in an taɓa, tausar likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ta fi mata ƙwayar magani, kuma ya hana ni motsa jikin nan na matse gaba, ya ce ƙara ɗaurewa yake. Mai ciwo ko'ina a jiki har da kumburin ciki kuwa maganin mafitsara kaɗai bai cika isarta ba.

Ni wani magani mai suna amitriptyline anka fara min kaɗan da dare, yana sa barci da bushewar baki gaskiya, amma tashin dare ya ragu alhamdulillahi. Shayi, lemon kwalba, lemun tsami da yaji duk na rage, barin yajin ne ya fi min wuya wallahi.

Inda ban ji daɗi ba, layi ya yi tsawo ƙwarai, kuɗin gwaji sun yi nauyi ga talaka, kuma ba su da mace mai yin tausar, wanda mata da yawa ba za su yarda namiji ya yi musu ba. Kyamarar ma babu, Sakkwato suke turawa. In za ki je ki tafi da tsoffin takardun gwajinki da kwalayen magungunan da kika sha, zai tambaya.