Kayan jagorar wasan tebur a hannun mai sikila: katin ya biya kuɗinsa, ƙarfen bai biya ba

In kana fama da ciwon da ba ya sallama kafin ya shigo, kuma kana so ka ja ragamar dogon labari a wasan tebur, abu ɗaya ne cikin kayan nan zan ce ka saya ido rufe: gwangwanin katin. Sauran, wani ya yi ba laifi, wani ya ba ni haushi, ɗaya kuma tuni na kyautar da shi.

A haɗe kayan suke zuwa. Wata baiwar Allah ce ke tallarsu a Instagram, shagonta na wajen Yaba a Legas, ta aiko min da su a babur har Idi-Araba. Akwai dayis bakwai na ƙarfe, da shimfiɗar leda mai gida-gida da ake zana taswira a kai, da maka (alƙalamin zane) huɗu masu gogewa da ruwa, da allon kariya mai ninki huɗu wanda jagora ke ɓoye takardunsa a bayansa, sai ƙaramin gwangwani cike da fararen katuna da 'yan marabai masu launi. Kuɗinsu ya kusa kai abin da nake kashewa a magani na wata biyu, don haka ba da wasa na auna su ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum ɗaya ne ke ba da labari, yana faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya faɗi abin da nasa zai yi. In abin mai haɗari ne, tsallaka kogi ko yaudarar mai gadin ƙofa, sai a jefa dayis mai fuska 20, a ƙara maki gwargwadon gwanintar mutumin, a ga ko ya kai adadin da jagora ya yanke. Dokokin Dungeons & Dragons muke bi, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Bugu na biyar na 2014 ne a hannunmu, don ginshiƙin dokokinsa kyauta ake samu. Labarin ba ya ƙarewa a zama ɗaya, ana iya shekara ana jan sa, kuma duk nauyin shiri a wuyan jagora yake.

Ni kuwa SS ne, wato mai sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120 suna aiki, namu tsakanin kwana 10 da 20 sun gama. Shi ya sa ko ranar da babu ciwo akwai kasalar da wanda ba ya yi ba zai gane ba. Ranar da suka lanƙwashe suka toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi ne ke ɗaukar zafin. Sanyi na tayar da shi, ƙarancin ruwa a jiki na tayar da shi, haka zazzaɓin cizon sauro da gajiya, kuma ruwan Yuni da Yuli na Legas ya haɗa kusan dukkansu wuri guda. Ina shan hydroxyurea da folic acid da maganin kariyar maleriya, ba na saɓa ranar ganin likita. Tashin ciwon ya ragu, alhamdulillahi, amma bai daina ba. Ga kan ƙashin ƙuguna na dama da ya fara lalacewa don jini ba ya isa gare shi sosai. Zaman kujera na awa biyu a gaban kwamfuta ina rubuta tarihin garuruwa da sarakuna, yadda yawancin jagorori ke yi, ba abin da jikina zai bayar ba ne. In ma na sha maganin zafi mai ƙarfi, kan ya yi nauyi, layi uku zan rubuta in manta na farko.

To katin nan inci uku ne a biyar, kuma yana da kaurin da zan riƙe shi a tafin hannu ina kwance rigingine in yi rubutu, ba sai na nemi abin ɗorawa ba. Ƙanƙantarsa ita ce gatansa. Ba ya ɗaukar surutu. Kati ɗaya abu ɗaya: mutum, ko wuri, ko masifa. Minti goma in na samu sauƙi na cike guda, in jefa a gwangwani, in juya in yi barci. Wata rana uku, wani satin ko ɗaya babu, amma abin da aka jefa yana nan yana jira.

Labarin da muke ja na ayarin fatake ne a ƙarni na 19, daga Kano zuwa Gwanja. Sun ɗoro wa jakuna kanwa da fata da baƙin yadi na rini, za su dawo da goro daga kasuwar Salaga. Hanyar ta gaske ce: a tsallaka Kwara a wajen Yawuri, a ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Jugu a Benin ta yau, a faɗa Yandi, a sauka Salaga a Ghana ta yau, tafiyar watanni. Ban zaɓi wannan don burga ba. Kakanmu na wajen uwa goro ne ya kawo shi Zangon Agege, bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano wajen 1912 fatauci ya bar bayan jaki ya koma tarago, kuma mun taso muna jin labarin madugu da jagaba da uban dawaki a bakin tsofaffi. 'Yan wasan ma Madugu suke ce min. Amma babban dalilin shi ne tafiyar ayari a yanke take, zango-zango. Kowane zama muna tashi daga zango mu sauka a wani. Ba na taɓa barin su rataye a tsakiyar faɗa. In ciwo ya kwantar da ni wata guda, ayari na hutawa ne a Nikki, ba abin da ya zube. In ɗan Baffana ya maƙale a cunkoson gadar Third Mainland daga Obalende, sai mu ce mutuminsa ya tsaya jinyar jaki a baya, zai cim mana. Dabarar ba tawa ba ce gaba ɗaya. Ben Robbins ya bayyana wani salo a 2007 da ya kira West Marches, inda babu tsayayyar rana kuma babu tsayayyun 'yan wasa, wanda ya samu zuwa shi ke fita. Ni dai na sa masa rawani na ɗora shi a hanyar Gwanja.

Marabai ɗin nan su suka sa tsarin ya zauna. Kowane zango da gidansa a gwangwani. Ga abin da ke kan kati ɗaya na Yawuri, yadda na rubuta shi: “Mai fito. Yana yin kurma a gaban baƙi, amma yana ji sarai. Kanwa yake so, ba ya karɓar wuri. Ɗansa na hannun 'yan fashi a tsibiri.” A baya kuma, adadin da za a kai da dayis: “Lallashi 12. Barazana 18. In an tsorata shi, jirgi ɗaya zai yi yoyo a tsakiyar ruwa.” Shi ke nan. Wannan ɗan rubutun ya ci mana daga La'asar har bayan Isha'i, da hutun Magariba a tsakani, don sai da suka yi rabin awa suna gardamar ko su ceto yaron ko su biya su wuce.

Inda katin ya gama saye ni shi ne damunar da ta wuce, lokacin da aka ba ni gado ana min ƙarin ruwa. Ƙanwata ta kawo kunu, tana zubawa ta ce, “Yaya, yaran nan sun dame ni a waya. A ce musu an ɗaga?” Na ce ta ɗauko gwangwanin a ƙarƙashin gadona a gida, ta zaro na Nikki kawai, kada ta leƙa na Jugu. Ta ce ita ba ta iya ba. Na ce ta karanta gaban katin da ƙarfi, bayan kuma ta riƙe a ranta. Ta ja zaman ranar Asabar, ta turo min muryoyinsu ta WhatsApp suna ihu, ta kuma rubuta a gefen kati da birona abin da ya faru: sun yi wa sarkin kasuwa rashin kunya, an ci su tarar jakuna biyu. Da littafi ne babba ko fayil a kwamfuta, ba zan iya ba ta ba, don ita ma 'yar wasa ce, za ta ga ƙarshen labarin gaba ɗaya. Kati kuwa ka ba mutum iya abin da yake buƙata, sauran na rufe. Duk mai ciwon da ke kwantarwa ba shiri, wannan kaɗai ya isa dalili.

Yana da nasa aibin. Gwangwanin ya fara tsatsa a kusurwa, danshin Legas ba ya raga wa ƙarfe, kuma bakin murfin na da kaifi. Marabai shida ne kacal, hanyar Gwanja ta fi haka zango, sai da na yanka kwalin magani na ƙara. Fuska ɗaya ta katin na da santsi, alƙalami mai ruwa na goge kansa a kai. Biro ko fensir shi ne daidai.

Dayis ɗin ƙarfe su ne abin da ake ɗauka a hoto, su ne kuma na fara rabuwa da su. Suna da kyau, ba ƙarya. Amma ƙarfe sanyi yake riƙewa, kuma yatsun da ke tsami ba sa son abu mai sanyi da nauyi da kaifi. Mai fuska huɗun nan tsini ne da shi sosai. Lambobin ruwan zinare ne a kan jan ƙarfe, in aka ɗauke wuta aka kunna fitilar caji sai kowa ya duƙa yana tambayar shida ce ko tara. Ga ƙara a kan teburin gilashi. Ƙarar ce ma ta jawo Baffa daga tsakar gida, ya tsaya a ƙofa ya ce, “Kai, caca kuka koma a gidan nan?” Muka ce Baffa ba kuɗi a ciki, ba mai ci ba wanda ake ci, tatsuniya ce da lissafi. Bai gamsu ba sai da ya zauna ya saurara. Kafin a tashi shi ke gyara mana yadda ake ɗaure huhun goro da ganye, da yadda ake kwance shi a hanya a yayyafa ruwa a tsince wanda ƙwaro ya taɓa, ya ce ayarin da bai san wannan ba asara zai kai Kano. Na mayar da maganarsa kati. Dayis ɗin dai na ba ɗansa, na sayi na roba masu farin rubutu a kan baƙi, da kuɗin da bai kai rubu'in nasu ba.

Shimfiɗar ledar tana aikinta. Kowane gida inci ɗaya ne, wato ƙafa biyar a dokar wasa. Ta zo a naɗe, sai da ta kwana ƙarƙashin katifa kafin ta miƙe. Jar maka na barin tabo in ta kwana a kai, mai kayan ba ta faɗa ba, yanzu akwai kogin Kwara ja da ba ya fita. Matsalata da ita duƙawa ce. Zane a tebur ƙugu yake ci, don haka ƙanena ke zanawa ina faɗa masa, kuma sai babban faɗa muke shimfiɗa ta. Sauran duk da baki.

Allon kariya kuwa an yi shi ne don mai zama a miƙe a kan tebur. Ni a doguwar kujera nake jan wasa, filo biyu a baya, gorar ruwa a gefe, safa a ƙafa ko da zafi ake. Ba inda zai tsaya. Ban da haka yana rufe fuska, kuma 'yan wasana na buƙatar ganin tawa. Mun yi yarjejeniya tun zaman farko: in na ajiye shuɗin kati a tsakiyar tebur, ayari ya sauka a zango mafi kusa, a tattara, babu tambaya, babu sannu sau goma. Ƙanwata ma kan riga katin, idona take kallo. Amfani ɗaya na samar wa allon, ina jingina shi ya tare min iskar fanka.

Wasu sun ce me zai hana mu koma intanet, dandalin Roll20 ko Discord, in huta da karɓar baƙi. Ga wanda 'yan wasansa ke warwatse tsakanin Ajah da Alaba Rago, shawara ce mai kyau. Ni nawa yawancinsu tafiyar ƙafa ce, kuma ranar da jiki ya ƙi, hasken allo da jiran intanet sun fi min wuya a kan mutum huɗu a falo. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, da yawanmu mun san yadda ciwo ke rage masu zuwa gaishe ka in ya daɗe. Wasan nan dalili ne da ke kawo mutane ɗakina ba don dubiya ba, ba zan mayar da shi cikin waya ba.

Game da mai kayan, tana amsa saƙo da wuri, amma kayan sun makara da kwanaki a kan ranar da ta sa. Maka ɗaya ta zo a bushe, ta canja ba gardama. Na tambaye ta ko za ta sayar da katin shi kaɗai, ta ce a haɗe suke zuwa mata daga waje, ba za ta fasa kwali ba. Don haka da nawa suka kusa ƙarewa ƙanena na aika Shomolu, wajen masu buga takardu. Ragowar kwalin katin biki suke da shi tuli, suka yanka masa inci uku a biyar a injin yanka, da kuɗi kaɗan. In za ka aika, ka ce marar sheƙi kake so gaba da baya, kuma ka nemi robar abinci mai murfi wadda faɗinta ya ɗan wuce inci biyar, don katin ya tsaya a tsaye ba tare da gefensa ya lanƙwashe ba.