Kwana huɗu bayan na haihu a Atlanta

'Yan'uwana mata da ke cewa na huta tunda a Amurka na haihu, ku saurara.

Asibitin kam ba a magana. Ɗaki nawa ni kaɗai, jini a ajiye, babu mai tura miji ya sayo safar hannu ana tsakiyar naƙuda. Kwana biyu suka sallame ni. A rana ta huɗu ciwon kai ya sare ni, ƙafafuna suka kumbura, ina ganin wuta-wuta. Na buga waya, aka ce rashin barci ne, in sha maganin ciwon kai na Tylenol. Na koma da ƙafata, nas ta dube ni sama da ƙasa ta ce masu haihuwar fari haka muke da raki. Wallahi kunya ta kama ni har na ɗauki jakata.

Maƙwabciyata ce ta kawo ni, baƙar Ba'amurkiya mai jikoki. Ta ce ba inda za mu sai an auna jinina, in kuwa an ƙi, a rubuta a fayil cewa mun nema an hana. Aka auna, ashe jini ya hau har 170 a kan 110. Nan take aka kwantar da ni, aka sa min ruwan maganin hana jijjiga. Tana riƙe da jaririna ta ce min: "'Yata, a ƙasar nan baƙar mace ba ta zuwa asibiti ita kaɗai."

Gaskiyarta. A ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta 2021, cikin haihuwa 100,000 baƙaƙen mata kusan 70 ne suka rasu, fararen fata kusan 27. Ko Serena Williams, baƙar Ba'amurkiya tauraruwar wasan tanis, da duk dukiyarta, da ta haihu a 2017 sai da ta dage kafin a duba a ga jini ya daskare mata a huhu. Ga kuma tsauraran dokar zubar da ciki ta jihar Jojiya, inda Atlanta take, wadda ta fara aiki bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2022 da ya bar wa jihohi ikon hana zubar da ciki. Ba zancen halal da haram nake ba. Macen da ta yi ɓari tana zubar da jini nake tunawa, likita na tsaye yana tsoron shari'a kafin ya yi mata wankin ciki.

Na yi kukan rashin Inna. A gida da ina ɗaka kwana arba'in, ga ruwan zafi, ga farfesu, ga mai karɓar yaro in rintsa. Nan wata sati biyu take komawa aiki, don dokar tarayya ba ta tilasta a biya hutun haihuwa ba. Amma da a gida wannan ciwon kan ya same ni, kunun kanwa za a ƙara min, a ce a jira maigida ya dawo kasuwa ya ba da izinin fita. Mata nawa muka binne ana jiran wannan izinin?

Na sayi abin awon jini guda biyu, zan aiko da ɗaya wa ƙanwata da ke wata bakwai. Na roƙi mijinta ya ba ta izinin zuwa asibiti tun yanzu, ko yana gari ko ba ya nan.