Shekara guda ina aiki da libsodium a Gombe

Manhajar rasit nake rubuta wa wani dillalin hatsi a Tudun Hatsi, nan Gombe. Da farko, ba zan ɓoye ba, MD5, wata tsohuwar dabarar lissafi mai fitar da gajeren tambari daga rubutu, nake haɗawa da wata kalmar sirri in liƙa sakamakon a ƙasan rasit, ina ganin na yi gwaninta, alhali tun 2004 masana suka karya MD5. Sai ranar da Alhaji ya tare ni da tambaya: "Malam, yarona da ke karɓar kaya a Kumo, yaya zai gane daga wajena rasit ya fito idan babu sabis?" Na rasa ta cewa. Kafin yaron ya tantance sai na ba shi kalmar sirrin, kuma duk wanda ya riƙe ta shi ma zai iya buga rasit.

Abin da ya kai ni ga libsodium ke nan, wato tarin kayan aikin ɓoye bayanai da sa hannu da ake sakawa a cikin manhaja. Kyauta ne, Frank Denis ya fara shi a 2013 bisa wani irinsa mai suna NaCl na su Daniel Bernstein, kuma yana zuwa a cikin PHP, yaren rubuta manhaja, tun siga ta 7.2, ba sai ka nemo ba.

Abin da ya fi burge ni, ba ya baje maka hanyoyi goma ya ce ka zaɓa. Ka ce sa hannu kake so, ya miƙo Ed25519, shi ke nan. Mabuɗi biyu ne: na sirri yana kwamfutar Alhaji yana sa hannu, na fili yana wayar kowane yaro, tantancewa kawai yake yi. Ko an sace wayar, ɓarawo ba zai ƙirƙiri rasit ko na buhu ɗaya ba. Sa hannun bayit 64 ne, na RSA 2048, wata tsohuwar hanyar sa hannu, kuwa 256. Wani zai ce meye a ciki? To, a takardar injin POS nake buga lambar QR, takardar da ke dushewa in ta sha rana a aljihun direba. Ƙaramar lamba kyamarar waya ta fi saurin kama ta.

Wajen ɓoye lambobin waya da basussukan abokan ciniki secretbox, hanyar ɓoye bayanai ta libsodium, na ɗauka, ban taɓa samun matsala ba. Argon2id, wanda yake amfani da shi wajen kare kalmar shiga, shi ne mai cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, megabayit 64 a matakinsa na yau da kullum, don haka ka duba ƙarfin kwamfutar da manhajarka za ta zauna a kai tukuna.

Adana mabuɗi kam ba ruwan libsodium, naka ne. Ni da kaina na taɓa goge na gwaji, rasit na mako biyu suka zama takardar ƙosai. Yanzu kwafin na sirrin yana cikin filas ɗin kwamfuta, a akwatin ƙarfen da Alhaji ke ajiye takardun filayensa.