Ubuntu 24.04 a shagonmu na Garwa: umarnonin da suka ƙi aiki bayan ɗaukakawa

Duk wanda kwamfutarsa ke kan Ubuntu 22.04, wato tsarin aikin kwamfuta na Linux, kuma yake shawarar hawa 24.04, ni dai na ce ya hau. Na jima ina aiki da ita, kuma na gamsu. Sai dai ya kwana da sanin cewa fuskar kwamfutar za ta tashi lafiya lau, burauza da firinta duk su yi aiki, amma ƙananan kayan aikin da ake kira ta tagar umarni su ne za su nemi kulawarsa.

Ni ke kula da kwamfutocin wani shagon sari a nan Garwa, inda ake sayar da shinkafa da sukari da man girki. Lissafin shiga da fita yana cikin fayilolin Excel. Akwai wasu ƙananan shirye-shirye da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python da ke tattara cinikin yini su fitar da rahoto, sannan da daddare kwamfutar ta kwafi komai zuwa wata ma'adana da ke maƙale jikin na'urar raba intanet. A kan wannan aiki na auna sabon zubin.

An saki 24.04 ranar 25 ga Afrilun 2024, amma ba a buɗe wa masu 22.04 ƙofar hawa ba sai bayan fitowar 24.04.1 a ƙarshen Agustan shekarar. Umarnin do-release-upgrade ne ke yin aikin, kuma ya burge ni da abu guda: kafin ya taɓa komai sai ya faɗi yawan abin da zai sauko, ya lissafa abin da zai cire, ya jira amincewarka. Ga mu masu sayen data da kuɗinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganar wuta kuwa kowa ya sani, musamman da rani in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya. Kada a fara sai da cikakken batir ko janareta a kusa. In an yi rashin sa'a wuta ta katse aikin, sudo dpkg --configure -a da sudo apt --fix-broken install su ne farkon abin gwadawa, kuma tarihin duk abin da ya faru yana cikin /var/log/dist-upgrade.

Da safe bayan hawa, rahoton ciniki ya ƙi fita. Saƙon da ya bayyana shi ne ModuleNotFoundError, wai babu openpyxl, ƙunshin da ke karanta fayilolin Excel, alhali na san yana nan. Alhaji ya leƙo ya ga baƙin allo cike da rubutu, ya ce, "Malam, ko a kai ta a yi mata format ne?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, babu abin da ya ɓata." Wannan shawara ta format ita ce aka fi ba mutane a wuraren gyara, kuma tana damuna ƙwarai, domin ana asarar aikin shekaru a kan abin da layi biyu za su gyara.

Ga abin da ya faru. Zubin 22.04 yana zuwa da Python 3.10, shi kuwa 24.04 da 3.12. Duk abin da mutum ya saka wa kansa a baya da pip, umarnin saka ƙunsoshin Python, yana zaune a folda mai suna .local/lib/python3.10, shi kuma sabon Python ba ya leƙa nan, foldar 3.12 yake dubawa, wadda babu komai a ciki. Kamar wanda ya tare a sabon gida ne kayansa na tsohon ɗaki a kulle. Keɓantattun wuraren aiki da ake yi da venv ma haka suke mutuwa, saboda dalili ɗaya. Umarni biyu suka nuna mini haka. Na farko type -a tare da sunan kayan aikin, wanda ke faɗin daga wace folda ake kiransa da kuma ko akwai shi fiye da ɗaya. Na biyu head -1 a kan fayil ɗin, wanda ke nuna layin farko, inda aka rubuta wane Python ne zai tafiyar da shi. In kuma an cire kayan aiki daga wani wuri an mai da shi wani, amma bash, shirin da ke karɓar umarni a tagar, ya nace da tsohuwar hanya, hash -r na sa ya manta da ita.

Sai na ce bari in sake saka ƙunshin da pip. Nan ma ya ƙi, da saƙon externally-managed-environment. Wannan da gangan aka yi shi, bisa ƙa'idar PEP 668 ta masu Python, kuma Debian 12 ma haka take. Dalilin shi ne tsarin kansa ya dogara da Python ɗin da ke cikinsa, in pip ya canza wani ƙunshi a ƙarƙashinsa, kayan aikin tsarin na iya rikicewa. A ganina sun yi daidai. Saƙon ma bai bar mutum cikin duhu ba, ya faɗi hanyoyi uku: apt, umarnin saka manhajoji na tsarin, in ƙunshin yana rumbun Ubuntu, venv in aikinka ne na kanka, pipx in kayan aiki ne da ake kira da suna. Akwai ta huɗu, --break-system-packages, wadda za ka ga ana ta yaɗa ta a matsayin magani. Sunanta kaɗai ya isa gargaɗi, ban taɓa ta ba, kuma ba na ba kowa shawarar ta a kwamfutar da ake neman abinci da ita.

Na saka python3-venv, na gina sabon wurin aiki, na zuba ƙunsoshin. Wanda bai ajiye jerin su da pip freeze kafin hawa ba, kada ya damu: a tsohuwar foldar site-packages akwai ƙananan foldoji masu ƙarewa da dist-info, kowace ɗauke da sunan ƙunshi da lambar zubinsa. Wani tsohon shiri ya nemi distutils, wanda aka cire gaba ɗaya daga Python 3.12. Saka setuptools a cikin wurin aikin ya wadatar. Shi kuwa pipx na yaba masa sosai, domin kowane kayan aiki yana ba shi wurinsa daban, kuma pipx reinstall-all zai sake gina su duka a hawa na gaba.

Matsalar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ba ta yi magana ba. Kwafin dare cron ne ke tafiyar da shi, wato shirin da ke kiran ayyuka a lokacin da aka tsara, babu mai zaune gaban allo. Da na duba kwanan watan fayilolin da ke ma'adanar, sai na ga tun ranar hawa babu sabo. Na kira umarnin kwafin, wato scp, da hannu, sai ga amsa daga na'urar raba intanet: /usr/libexec/sftp-server: not found. Tun daga OpenSSH 9.0, scp ya koma amfani da hanyar SFTP a ƙarƙashi. Zubin 22.04 yana da 8.9, shi kuwa 24.04 yana da 9.6, ka ga canjin ya faɗo a tsakani. Na'urarmu tsarin OpenWrt ne a kanta, da ƙaramin shirin karɓar haɗi mai suna Dropbear, wanda ba ya zuwa da SFTP. Ƙara -O, babban harafi, yana mai da scp tsohuwar hanya, kuma da shi na ceci kwafin ranar. Daga baya na saka openssh-sftp-server a na'urar, don kada in dogara da abin da masu shi ke shirin bari. Duk mai aikin da ke tafiya shi kaɗai da dare, don Allah ya kira shi da hannu sau ɗaya bayan hawa ya ga abin da zai ce.

Sauran ƙanana ne. Rumbunan manhajoji na waje da mutum ya ƙara da kansa ana kashe su lokacin hawa, sai ka shiga /etc/apt/sources.list.d ka kunna waɗanda masu su suka fitar da na noble (sunan 24.04) a madadin jammy (sunan 22.04). Wasu ƙunsoshin kuma sun sami ƙarin t64 a sunansu, irin libasound2t64 da libfuse2t64, a shirin kauce wa matsalar agogo ta shekarar 2038, saboda haka tsofaffin bayanan sakawa na iya kiran sunan da ya canza.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a wannan yanki. Yawancin kwamfutocinmu a Faransanci aka saita su, saƙonnin apt da na bash su fito da Faransanci, alhali mafi yawan amsoshin da ke intanet da Turanci aka rubuta su. Rubuta LC_ALL=C a gaban umarni yana fito da saƙon da Turanci na wannan karon kaɗai, sai ka kwafe shi yadda yake ka bincika. Na nuna wa wani ƙanena da ke karatu a jami'ar Ngaundere wannan dabara, yanzu ita yake fara yi kafin ya kira ni.

Abin da zan so a ƙara shi ne gargaɗi tun kafin hawa, cewa kayan da aka saka da pip za su buƙaci sake sakawa, kamar yadda ake gargaɗi a kan rumbunan waje. Tallafin 22.04 na yau da kullum zai ƙare a 2027, na 24.04 kuwa sai 2029. Kwamfutar reshenmu na kasuwa har yanzu tana kan tsohon zubi, kuma na riga na ajiye jerin ƙunsoshinta da na ayyukan cron ɗinta a filashi, sai ranar da babu ciniki da yawa in hau da ita.