Google Earth ko QGIS: wanne zai yi muku aiki a gangaren Riruwai?

Malam, ka ce ƙungiyarku za ta dasa itatuwa a gangaren duwatsun Riruwai, kana tambayar manhajar da za ku tsara aikin da ita, Google Earth ko QGIS. Duka biyun kyauta ne, sai dai kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Google Earth na kallo ne. Ka karkata hoton, sai ga tudu da kwari kamar kana tsaye a kan dutsen. Na kwamfuta, Google Earth Pro, wanda aka daina biyan kuɗinsa tun 2015, yana ajiye hotunan shekarun baya, har ka gane inda kurmi yake a da da inda masu gawayi suka share. Ka ja layi daga gindin tudu zuwa kansa, ya nuna maka hawa da gangara. Amma yana shan data, kuma in sabis ya ɗauke, sai ɗan abin da ya riga ya sauko.

QGIS kuwa na awo ne, kuma sai da laftof da mai haƙurin koyo. Ana ɗora masa bayanan tsayin ƙasa, irin na SRTM da kumbon NASA ya auna a Fabrairun 2000, shi kuma ya rina taswirar: nan gangaren ya yi tsanani, kada gatari ya je, can da sauƙi, a jera ɗorawa da kaɗanya. Yana fitar da layukan da za a bi a tayar da kunya don tare ruwa. Ba ruwansa da intanet in an gama saukewa, kuma ana tura taswirar cikin waya ta manhajar QField a hau dutse da ita.

Ga inda gizo ke saƙa: kowane ɗigon SRTM wajen mita 30 ne tsawo da faɗi. Kwazazzabon da ruwan Agusta ya yanka mai faɗin taku biyar ba zai fito ba, haka ƙananan ramukan kuza. Mun taɓa zaɓar wani fili a taswira, da muka je da diga sai ta yi ƙara, ashe falalen dutse ne, ƙasar kansa ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Ni dai da ni ne, da Google Earth zan fara. In akwai ɗalibi mai laftof a cikinku, a ɗora masa QGIS. Layin ramukan dashen kuma ku fitar da shi a wurin, da sanduna uku da aka ɗaure kamar harafin A, da igiya da ɗan dutse a rataye, don gane wuraren da tsayinsu ya zo daidai.