Buhunan tare ruwa marasa yashi: suna aiki, amma ba a kowane irin ruwa ba

Jama'a, musamman ku mazauna Ingila da gidajenku ke a kwari ko kusa da kogi, wannan bayanin naku ne, don tun da Oktoba ta kama ake ta tambayata a guruf ɗinmu na WhatsApp, wai buhunan nan da ake ta talla a intanet, waɗanda babu yashi a cikinsu sai dai su sha ruwa su kumbura, da gaske suna tare ambaliya ko kuwa asarar kuɗi ce kawai? To ni dai na saya, na yi aiki da su, kuma amsata ita ce suna tarewa. Amma fa ruwan sama da ya taru a tsakar gida suke tarewa, ba ruwan teku ba, kuma masu talla ba su cika faɗa maka wannan da babbar murya ba.

A Hull nake zaune da iyalina, gidan haya ne irin tsofaffin nan na jan bulo da ke jere manne da juna. Duk wanda ya san garin nan ya san ba wasa ba ne, kusan kashi 90 cikin ɗari na garin yana ƙasa da inda ruwan teku ke kaiwa in ya cika sosai, kuma ruwa ta hanya biyu yake kawo mana hari. Akwai na sama, irin wanda ya yi ɓarna a watan Yunin 2007 lokacin da magudanai suka cika suka kasa ɗauka gidaje dubbai suka sha ruwa, har yau tsofaffin unguwarmu in suna ba da labarin sai ka ga ransu ya ɓaci. Sannan akwai na teku, wanda ke turowa ta bakin Humber, wato faffaɗan mashigin ruwan da garin ke gaɓarsa inda koguna ke haɗuwa da teku, kamar daren 5 ga Disamba 2013 da ruwa ya haura ta wajen tashar jiragen ruwa ta Albert Dock ya shigo gari, Allah Ya taimaka shingen nan na ƙarfe da aka gina a 1980 a bakin kogin Hull ya riƙe, da abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Buhunan in an kawo maka su sai ka raina su wallahi. Shafal suke, a ninke cikin leda, guda biyar ma ba su kai nauyin buhun shinkafa ƙarami ba, ana iya tura su ƙarƙashin gado a manta da su. Abin da ke ciki wani gari ne mai shan ruwa, irin wanda ke cikin famfas ɗin yara, da ya ji ruwa sai ya koma kamar jeli, cikin 'yan mintoci buhun ya tashi ya yi tiƙis, irin nawa ya kan sha wajen lita 20, wato kilo 20 kenan a hannu. Wannan shi ne babban abin da ya sa nake yaba musu. Buhun yashi sai ka samu yashin, ka samu shebur, ka samu inda za ka ajiye, kuma mutane da yawa ba su san cewa a Ingila ba dole ba ne kansul, wato ƙaramar hukuma, ta ba ka buhun yashi, wasu na bayarwa wasu ba sa bayarwa, ranar da ake buƙata kuwa kowa nema yake. Mace ita kaɗai da yara a gida, ko dattijo, ina zai iya da yashi cikin dare?

Daren da suka yi mana rana, ruwa ne aka wuni ana zubawa ba ƙaƙƙautawa, ga ganyayen bishiya da suka zube sun toshe bakin magudanar da ke lungun bayan gidanmu, don a nan ƙasar lokacin da damina ke ƙarewa a gida ake girbi, lokacin ne ruwa ke sauka da ƙarfi ganye kuma na kakkaɓewa, su biyun in suka haɗu ba kyau. Ina falo sai na ji uwargida daga kicin tana cewa "Maigida, taso ka gani, ruwa ya kusa dokin ƙofa fa." Na leƙa da tocilan waya na ga tsakar gida ta zama tafki, kwandon shara na yawo a kai. Muka tara ruwan famfo a baho muka tsoma buhunan, muka shimfiɗa leda mai kauri a jikin ƙofar daga waje, muka jera su a kai layi biyu, na sama a kan mahaɗar na ƙasa yadda magina ke yi, na bi na tattaka su da ƙafa har suka kwanta suka cike kusurwa. Ruwan ya zo ya tsaya a jikinsu. Ɗan abin da ya tsiyayo ta gefen ƙofa tawul biyu suka shanye shi, kafet bai jiƙe ba, firij da injin wanki lafiya lau. Da gari ya waye na je na kwashe ganyen da hannu ruwan ya wuce.

Ledar nan kar a raina ta. Buhu kaɗai ba ya hana ruwa tsiyaya, ko na yashi ne ko wannan, rage shi yake yi, ledar ce ke ƙarasa aikin.

Yanzu maganar ruwan gishiri, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta duk wannan. Garin da ke cikin buhun ba ya shan ruwan gishiri yadda yake shan ruwan daɗi, haka sinadarin yake. Na gwada da kaina, na zuba gishiri sosai a bokiti na jefa guda ɗaya, na bar shi ya daɗe a ciki, ko rabin kumburin 'yan uwansa bai yi ba, ya zauna laƙwas. To ka ga wanda ke zaune kusa da Humber ko wani gari na bakin teku, ya jera su a bushe a ƙofa yana jiran ruwa ya zo ya kumbura su da kansa, wannan ya shiga uku, don ruwan zai ture su ne kawai ya shige. Dole a jiƙa su da ruwan famfo tun kafin. Kuma ko an jiƙa, layi biyu bai kai gwiwa ba, ruwan teku kuwa in iska ta turo shi ba a taku yake zuwa ba, da ƙarfi yake zuwa. Wannan ba aikin buhu ba ne, aikin kwashe yara da takardu a hau sama ko a bar gidan ne.

Abin da zai taimaka mana mu da muke bin lissafin wata shi ne teku ta fi cika a kwana ɗaya zuwa biyu bayan sabon wata da kuma bayan daren sha huɗu sha biyar, kuma cikar ta fi girma a wajajen Satumba da Maris. In irin waɗannan ranakun suka haɗu da guguwa da ruwan sama mai yawa to a buɗe ido, saboda in teku ta cika, kogi da magudanai ba su da inda za su zubar da nasu ruwan, sai ya dawo baya ya fito ta tituna. Wato ko kana nesa da gaɓa cikar teku ta shafe ka.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba: in sun kumbura suna da santsi ga ba su da hannun kamawa, ɗaukar su daga baho zuwa ƙofa sai ka rungume su kamar yaro, kayanka duk su jiƙe, gara a jiƙa su a bokiti dab da ƙofar. Ba su da araha ko kaɗan in ka kwatanta da yashi, ƙofa biyu ta cinye min kuɗin da ya fi cefanen sati. Kuma kusan sau ɗaya ake morarsu, in ruwan da ya taɓa su ya haɗu da na masai, wanda a ambaliyar gari da wuya bai haɗu ba, to sun zama ƙazanta, a sa safar hannu a ɗaure su a leda a tambayi kansul inda ake kai su, kar a bari yara su yi wasa da jelin, kar kuma a zuba shi a magudana don toshe ta zai yi.

Sannan ƙofa ba ita kaɗai ce hanyar ruwa ba. Tsofaffin gidajen nan masu daɓen katako suna da bulo mai ƙananan huji a ƙasan bango don iska ta shiga ƙarƙashin daɓe, ruwa ta nan yake bi ya fito maka a tsakiyar falo alhali ƙofarka a toshe take. Akwai murfi da ake sayarwa don su, a rufe in ruwa zai zo a buɗe bayan ya wuce. Masai na ƙasa ma ya kan yi amai in bututu ya cika. Masu haya ku yi magana da mai gidan tun yanzu, kuma ku tuna inshorarsa gini ta rufe, kayanku na ciki sai kun yi taku. Akwai tsarin Flood Re da aka fara a 2016 don sauƙaƙa kuɗin inshora a wuraren ambaliya, amma gidajen da aka gina daga 2009 zuwa yau ba sa ciki.

Buhun nan lokaci yake so, shi ya sa nake roƙon kowa don Allah ya yi rajistar saƙon gargaɗin ambaliya na Environment Agency, wato hukumar kula da muhalli ta Ingila, kyauta ne, ta tes ko kira ko imel, lambar layin wayarsu na ambaliya, Floodline, ita ce 0345 988 1188. Mataki uku ne, na farko ku shirya, na biyu ruwa na zuwa ku tashi tsaye, na uku akwai haɗarin rasa rai. Sai dai saƙonsu ya fi shafar kogi da teku, ruwan da ke taruwa a titi saboda magudana ta cika sai ka riƙa duba gargaɗin Met Office, wato hukumar hasashen yanayi, mai launin rawaya, ruwan lemu da ja. Ba abin wasa ba ne, guguwar Babet a Oktoban 2023 sai da aka ba da jan gargaɗi a gabashin Scotland aka kwashe mutane daga Brechin, ga Fishlake nan kusa da Doncaster da kogin Don ya shanye a Nuwamban 2019. Masu mota kuma, ruwa mai gudu na santimita 30 kacal ya isa ya ɗaga mota, kar a ce za a kutsa.

Wanda matsalarsa ruwan sama ne a ƙofar baya ko gareji, ya saya, ya haɗa da leda mai kauri da safar hannu ya ajiye su wuri ɗaya inda ba laima, ya kuma duba ranar ƙarewar da ke jikin kwalin. Wanda ke bakin teku ko bakin kogi sosai kuwa ya nemi allon ƙofa na musamman mai tambarin shaidar inganci na Kitemark wanda ake ɗaurewa a jikin firam, buhunan su zama ƙari a bayansa. Ni na sake yin odar wasu na ƙofar gaba kafin Nuwamba ta shigo.