A yi hattara da mai sayar da injin yankan itace da ke ba da igiya da bel kyauta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar sare itace da rage reshe, musamman na ƙasar Ringim, Taura, Gaya, Wudil har zuwa Dambatta. Don Allah wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Akwai wani mutum da ke bin ranakun kasuwa da ƙaramar mota, yana kuma tallata kaya a Facebook da WhatsApp. An ce an gan shi a Wudil ranar Juma'a, an gan shi a Dambatta ranar Lahadi, ni kuma a wata ƙaramar kasuwa kusa da mu na haɗu da shi. Kowa da sunan da ya faɗa masa, don haka ba sunan za ku riƙe ba, salon nasa za ku riƙe. Cewa yake yi wani kamfanin hanya ne ya gama aiki ya bar injuna, shi kuma ya kwashe su a sari. Samfurin Stihl MS 381 ne wai, sababbi fil, a ƙasa da rabin kuɗin da ake sayarwa a birni.

Akwai inji guda da yake ajewa a waje don gwaji. Wannan na gaske ne. Ja ɗaya ya tashi, na sa shi a kututturen darbejiya ya ratsa shi kamar ana yanka kabewa. Da muka daidaita na biya, sai ya ce, "Haba Malam, wannan ai ya sha hannu, bari in ba ka sabo a kwalinsa." Ya ɗauko kwali a liƙe, ya ɗora mini igiyar hawa da bel na ɗaurawa a ƙugu da ƙugiya biyu, ya ce gyara ce. Ya kuma roƙe ni kada in buɗe a kasuwa, don kada mutane su taru su ce sai ya yi musu irin farashina. Ni kuma da wautata na ga kamar mutunci aka yi mini. Kuɗin tunkiya biyu da buhun riɗi ne suka tafi a nan, har da kafin alƙalamin inji na biyu da na bayar don ƙanena.

Kwana 9 injin ya yi yana aiki. Tun ranar farko na lura sarƙar tana bushewa tana zafi, haƙoranta kuma suna dakushewa kafin in gama itace guda, ko na bi su da magagari ba sa riƙe kaifi. Ranar da ya tsaya na kai wa bakanike. Da ya kwance salansa ya leƙa, fistin duk ya karce. Kada wani ya ce haɗin mai na ɓata. Shekara 11 ina wannan aiki, fetur lita 5 da man 2T mililita 100 nake haɗawa, wato 50 da 1 kamar yadda kamfanin Stihl ya ce, kuma ban taɓa zuba baƙin man juye a tankin sarƙa ba, ko da yake na san da yawa cikinmu suna yi, suna kashe famfon mansu da hannunsu. Bakaniken ya nuna mini cewa lambar injin a takardar manne kawai take, ba a buga ta a jikin ƙarfe ba, robar ma da farce za ka kankare launinta. Stihl kamfanin Jamus ne tun 1926, kuma ta hannun dillalansa yake sayar da kaya, da rasit da wurin da za ka koma in an samu matsala. Ba ya raba injuna a bayan mota.

Asarar inji na haƙura da ita. Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu igiyar ce.

Kun san aikinmu kafin damina: kowa na son a rage masa darbejiya da turaren da suka yi wa ɗaki rumfa kafin iskar farko. An kira mu wani gida, ƙanena ya hau. Da can da igiyarmu ta gargajiya da ƙafa yake hawa, yana kaffa-kaffa, ba ya sakin hannu biyu. Ranar da ya ɗaura wannan bel sai ya saki jiki, ya jingina da baya ya kama inji da hannu biyu, don abin da aka yi bel dominsa ke nan. Ina ƙasa na ji ya ce, "Yaya, abin nan yana ƙara." Kafin in ce sauko, ɗinkin da ke riƙe zoben ƙarfen ya farke. Allah ya taimake mu ya faɗo kan rufin kwano kafin ƙasa, injin kuma ya yi nasa waje. Karaya a hannu da targaɗe a ƙugu. Da a kan katanga ya sauka, da yanzu zaman makoki muke.

Bayan nan na yanka igiyar don in ga cikinta. Igiyar hawa ta gaske tana da riga saƙaƙƙiya da zaruruwa masu ƙarfi a ciki, kaurinta wajen milimita 11 zuwa 13, kuma a bakinta akwai alamar EN 1891, wato lambar ƙa'idar inganci ta Turai, da shekarar da aka yi ta. Wannan kuwa riga ce mai ƙyalli, cikinta wani abu kamar tsumma, ka ja shi da yatsa ya tsinke. Bel na zama a kan itace yana ɗauke da EN 813 a ɗinke a jikinsa, da sunan kamfani da lamba. Ƙugiyar da aka yi don ɗaukar mutum tana da makulli, an buga mata EN 362 da ƙarfinta, 20 kN (wajen nauyin tan biyu) ko fiye. Namu babu makulli, irin wadda ake rataya mabuɗi ce aka ƙara mata girma. Su ma alamomin ana iya buga na ƙarya, shi ya sa inda ka saya ya fi rubutun muhimmanci, amma wanda ko rubutun babu, ai ya gama gaya maka ko shi wane ne.

In za ka sayi inji, wanda aka gwada a gabanka shi za ka ɗauka, kada ya bar hannunka. In kwali ne, a buɗe a zuba mai a tayar a wurin. Ka tura kariyar hannun gaba, wato birkin sarƙa, yana cikin gudu, dole sarƙa ta tsaya cak. Nawa birkin ado ne kawai, ban gano ba sai a gida. Ka kara bakinsa kusa da busasshen katako ka ba shi wuta, ka ga ko yana feso mai. Ka ɗaga shi da igiyar tayarwa, lafiyayye a hankali yake sauka. Kafin alƙalami kuma kada ka bayar, layin da ya ba ni a kashe yake tun washegari, sunan asusun da na tura kuɗin ma daban yake da wanda ya faɗa.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun kuma sanar da mai gari da malamin daji, tunda shi ya san duk mai yankan itace a yankin. A ranar da na saya, da idona na ga mutum uku sun karɓi irin kwalin da igiyar. Ɗaya na same shi, ya mayar da tasa igiyar ɗaure awaki. Biyun ban san garinsu ba, ɗaya dai dattijo ne da ya ce ɗansa zai saya wa, yaron da ke hawa gawo yana sassabe wa shanu. Igiyar ruwan lemo ce da ratsin baƙi, bel ɗin baƙi da ja. Duk wanda ya gan ta a jikin wani a kan itace, ya sa shi ya sauko tukuna sannan a yi bayani.